Fitilar Golf 3 ɗina tana ɗaukewa tana dawowa, in sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Golf 3 ce da ni, ina tafiya da dare sai fitilar gaba ta ɗauke, in na faɗa rami kuma ta dawo da kanta. Mai riwaya ya ce in sayo fitila gaba ɗaya ta Beljiyam ko in sa kwan LED. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya kar ka sayi ko ɗaya tukuna. Fitilar da ke ɗaukewa tana dawowa ba mutuwa ta yi ba, wani wuri ne wuta ba ta kamawa sosai, in ka sa sabuwa a kan tsohuwar waya haka za ta ci gaba da yi maka.

Fara lura, ɗaya ce ke ɗaukewa ko duka biyun? In ɗaya ce to matsalar na kusa da ita. Kunna fitila, buɗe bonet, ka girgiza soket ɗin bayan kwan da hannu, in ta yi ƙifta ka kama ɓarawon. Sau da yawa za ka ga robar soket ta narke ta yi baƙi, musamman in an taɓa sa mata kwan nan mai wat 100/90 alhali kwan H4 na asali mai wat 60/55 ne, zafin ya fi ƙarfin wayar. Duba fiyus ɗin gefen da ke ɗaukewa ma, sannan wayar nan mai ruwan ƙasa da ke ɗaure a jikin bodi, a kwance ta a kankare tsatsar a ɗaure tamau, wannan kaɗai ya sha warware wa mutane matsala.

In kuwa duka biyun ke ɗaukewa lokaci guda, bar batun kwan. Golf 3 ba ta zo da rile (ɗan na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta) na fitilar gaba ba, wutar ta makunni take bi da kuma sandar dim da ful, sai su yi ta zafi har su gaji. Kuma ka lura da kyau, in fitila ta ɗauke waifa da fanka su ma suna tsayawa? In haka ne to ignishan ne, ɗan taɓa makulli kaɗan ka gani ko za ta dawo. Abin da ke bayan makullin kawai za a canza, ana samunsa a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuɗinsa bai kai na fitila ba.

Ni shawarata, bayan an gano wurin a sa maka rile biyu da fiyus daga batir, haske ma sai ya ƙaru. LED a tsohon gilashi kuwa kashe idon masu tahowa kawai yake yi. Kuma don Allah ka haƙura da tafiyar dare har a gyara, ɗaukewar fitila a kan babban titi ba abin wasa ba ne.