Kafin ka ci bashin Starlink, ƙirga wayoyin da ke kan rautarka

Wani ɗan kasuwa daga Zariya ya aiko mini da wannan tambaya, na taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta kusa da wata makaranta. Muna fotokwafi da buga takardu da cike fom a intanet, muna kuma sayar wa ɗalibai waifai, awa ɗaya naira 200. Ɗan yayata ne ke zama a shagon, domin ni ina da wani aikin, sai da yamma nake leƙowa. Ina sayen datar naira 75,000, giga 450. A da tana kai mu wata, yanzu kwana 18 ta ƙare. Kuɗin waifai da yaron ke ba ni bai wuce 3,000 a rana ba. Ina ganin kamfanin ne ke zuƙe mini data. Na ga wani a TikTok yana cewa da Starlink, wato intanet na tauraron ɗan adam, mutum zai iya samun rabin miliyan a wata. Ina son in ci bashin 800,000 in sayi na'urar da inbata da batir. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ci bashin nan. Ba wai kada ka ci shi har abada ba, amma a wannan watan ko naira ɗaya kada ka ranta.

Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman lamba ɗaya, ban same ta ba. Ka faɗa mini kuɗin data, ka faɗa mini kuɗin awa, ka faɗa mini abin da mutumin TikTok ya ce. Ba ka faɗa mini waya nawa ke hawa kan rautarka, wato na'urar da ke raba waifai, a rana ba. Na kuma tabbata ba mantawa ka yi ba, ba ka sani ba ne. Kuskurenka ke nan, kuma duk sauran abin da ke damunka daga nan ya tsiro.

Data haja ce. Mai sayar da shinkafa a Dawanau ba zai kulle sito bai san buhu nawa ya rage ba. Mai gidan mai yana zura sanda cikin tanki safe da yamma. Kai kuma ka sayo hajar 75,000, ka miƙa wa yaro mabuɗin, ka tafi abinka, don kawai hajar ba ta ganuwa da ido. Rashin ganuwar tata shi ya kamata ya sa ka fi kowa yawan awo.

Mu yi lissafi da lambobinka. Naira 3,000 a rana awa 15 ke nan aka sayar. Ɗalibin da ke kallon bidiyo a waya, mu ƙaddara yana cin rabin giga a awa, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Giga 7 zuwa 8 ke nan. Ƙara giga biyu na aikin shago, cike fom da tura takardu ba sa cin komai. Giga 10 a rana ya ishe ka. Amma giga 450 cikin kwana 18, giga 25 ke nan kullum. Ina sauran 15 ɗin? Kowane giga ya tsaya maka kusan naira 167, wato kullum naira 2,500 na fita ta wata ƙofa da ba ka san da ita ba. A wata 75,000. Ka ga kuɗin data guda cur kake saya wa mutanen da ba ka san fuskarsu ba. In ka haɗa duka, waifai na kawo maka 90,000 a wata, yana cin kusan 125,000. Injin fotokwafinka ne ke ta biyan wannan asara kana ganin kamar shago na tafiya.

Zancen kamfani kuwa, gaskiya ne data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Amma tsada daban, ƙarewa da wuri daban. Ba ka da bakin zargin kowa sai ka auna naka tukuna.

Shekarun baya wani mai gidan kallon ƙwallo ya zo mini da irin kukanka sak. Shi ma ƙaninsa ne ke riƙe da wajen, shi ma ya rantse kamfani ne ke cutarsa. Na ce mu haɗu a wajen da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan an tashi. Muka je. Ƙofa a kulle, an kashe janareta, amma rautar na kan ƙaramin batir, fitilunta sai ƙyaftawa suke ta tsagar taga kamar rana tsaka. A kan dakalin maƙwabci samari bakwai a jere, kowa ya sunkuya, hasken waya ya haske masa fuska, babu mai ce wa wani uffan. Suka gaishe shi da ladabi, ya amsa, bai kawo komai a ransa ba. Da muka shiga na buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, muka ƙirga 23. Nasa guda huɗu ne. A cikin sauran har da wata talabijin mai intanet, daga baya aka gano ta gidan da ke bayansa ce, wadda ake kunna wa yara fina-finai tun safe. Mutumin nan ya zauna a kan benci ya yi shiru ya fi minti biyar. Ƙanin nasa ba ɓarawo ba ne. Abokinsa ɗaya ya bai wa lambar sirri, don kunya, abokin ya ba nasa abokin. Wata takwas ana haka.

Abin da na yi a daren nan babu wani sihiri a ciki, kai ma yau za ka iya. Juya rautarka, a ƙasanta ko bayanta akwai takarda manne da adireshinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1. Haɗa wayarka da waifan shagon, rubuta adireshin a burauza, shiga, nemi shafin da ke jera na'urorin da ke haɗe. In hakan ya yi maka wuya, sauke manhajar Fing a waya, ta yi maka sikanin, cikin minti ɗaya za ta jero maka abin da ta gani a kan netwok ɗin, kowanne da adireshinsa, sau da yawa har da sunan kamfanin da ya ƙera shi. A kwamfuta kuma akwai Angry IP Scanner, kyauta ce. Masana na amfani da Nmap, wadda take nan tun 1997, amma kai ba ka bukatarta. Abu ɗaya: netwok ɗinka kaɗai za ka bincika. Kutsawa cikin na wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015.

Ka fara da safe kafin a buɗe shago. Kunna kayanka ɗaya bayan ɗaya, kwamfutoci, firinta, na'urar POS in tana hawa waifai, wayarka, wayar yaron, kana rubuta kowanne a littafi da lambarsa ta MAC, wato haruffa da lambobi 12 da kowace na'ura ke ɗauke da su. Waɗannan su ne 'yan gida. Duk wanda ya bayyana bayan su, ko dai ya biya, ko baƙo ne da ba a gayyata ba. Sai ka riƙa dubawa sau uku a rana har mako guda: da hantsi, bayan la'asar lokacin da ɗalibai suka cika, da kuma bayan an rufe. Na daren nan shi ne zai fi gaya maka gaskiya. Kowace safiya da kowane dare kuma ka rubuta ragowar data. In ka kwana da giga 300 ka tashi da 291 alhali shago a kulle, ka ga inda bango ya tsage.

Kai da kanka za ka yi wannan, ba yaron ba. Na san za ka ce aiki ya yi maka yawa. Wanda ke shirin ɗaukar bashin 800,000 ba zai rasa minti goma sau uku a rana ba.

Kada kuma ka ɓata lokaci kana toshe wayoyi ɗaya-ɗaya. Da yawa sun gwada sun gaji. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ɓoye lambarsu ta asali su nuna wa rauta ta aro, don haka yaro mai wayo zai sauya ta ya dawo maka da sabuwar fuska. Wayoyin yanzu kuma suna nuna lambar sirrin waifai a hoton QR, aboki ya haska ya hau, ba sai an furta masa komai ba. Wasu ma suna iya karɓar waifanka su sake raba wa na kusa da su, kai kana ganin waya ɗaya a jeri alhali mutum huɗu ne ke sha. Shi ya sa ƙirga kai kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa da duba wa ya fi ci. Muddin lambar sirri ɗaya ce kowa ke amfani da ita, wanda ya biya 200 sau ɗaya ya sayi shagonka har abada.

Yau ɗin nan ka sauya lambar sirrin waifai, ka kuma sauya ta shiga cikin rautar kanta, domin na yi imanin cewa har yanzu "admin" ce kamar yadda ta zo daga kanti. Wannan ta biyun kai kaɗai za ka sani. Kashe WPS, wato tsarin da ke barin na'ura ta hau waifai ba tare da an rubuta lambar sirri ba. Bayan makon awon nan, ka riƙa kashe rautar idan an tashi. Kwamfutocin da kake cike wa mutane fom a kansu, masu ɗauke da lambobin NIN da hotunan jama'a, ka raba su da layin da ɗalibai ke hawa, yawancin rautoci na da layin baƙi daban. Amanar mutane ce a hannunka.

Bayan mako guda, in lissafi ya nuna abin da nake zato, kuɗin da za ka kashe ba 800,000 ba ne. Ƙaramar rautar MikroTik za ka saya, ta wani kamfani a ƙasar Latbiya, ka biya wanda ya iya ya saita maka tsarin tikiti. Kowane tikiti da lambarsa, waya ɗaya yake hawa, awarsa na cika ya mutu, kuma kana iya ƙayyade gudun kowa. Asarar wata ɗaya ko biyu da kake yi yanzu za ta biya wannan. Ka buga tikiti 100 ka ba yaron. Da dare in saura 80, kuɗin 20 za ka karɓa, naira 4,000. Babu musu, babu rantsuwa, babu zargi.

Maganar ɗan yayarka ita ce ta fi damuna, don na ga zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Kada ka tuhume shi kafin ka ga lamba, kada kuma ka kai ƙararsa wajen mahaifiyarsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: kai ne ka ajiye matashi a cikin abokansa da mabuɗin da babu mai ƙirga shi. Wane yaro ne abokinsa zai ce "ɗan sa mini" ya iya cewa a'a, alhali ya san kawu ba zai taɓa sani ba? Ka zaunar da shi, ka nuna masa jerin a wayarka, ku ƙirga tare. Tikitin ma kariya ce gare shi, gobe zai ce wa abokin nasa "wallahi ba a hannuna yake ba, a ƙirge suke." Sannan ban ga inda ka ambaci albashinsa a wasiƙarka ba. In "ɗan wani abu" kake ba shi idan ka ga dama, ka yanka masa albashi sananne, ka ƙara masa kaso a kan kowane tikitin da ya sayar, ko naira 20 ce. Ranar da waifan kyauta ya zama asararsa shi ma, zai fi ka tsaron ƙofar.

Shi kuma rabin miliyan na TikTok, a naira 200 awa 2,500 ke nan a wata, sama da awa 80 kullum, kai da kake sayar da 15. Starlink na aiki a Najeriya tun Janairun 2023, kuma yana da amfani, musamman inda netwok ba shi da ƙarfi. Amma ba ya kawo kwastoma. In ka ɗora shi a kan wannan shagon yadda yake, datar ba za ta ƙare ba, sai dai gudun ya mutu saboda cunkoso, masu biya su gudu, masu shan kyauta su ƙaru, ga kuɗin wata, ga mai bashi a bakin ƙofa. Kafin ka sayar wa jama'a kuma sai ka karanta sharuɗɗan kamfanin, domin tsarin amfanin gida bai yarda a sake sayarwa ba, ka kuma bincika batun lasisi a NCC.

Ka yi wata uku da tikiti da littafi. In a wata na uku tikitin da kake sayarwa ya kai inda giga 450 ba ta isarka, kuma kowane giga ka san wanda ya biya shi, ka aiko mini da hoton shafukan littafin, mu zauna mu duba ko bashin zai iya biyan kansa.