Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Adabin Amurka da Sauran Duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci, kuma malaminmu ya ce bana za mu karanta adabin Amurka ta fuskar dangantakarsa da sauran duniya. Anya wannan ba dabara ce ta cusa mana al'adun Amurka ba?
Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Zarginki yana da tushe, domin a zamanin yaƙin cacar baka Amurka ta yi amfani da littattafai wajen neman farin jini, har ma taron marubutan Afirka da aka yi a Makerere ta Uganda a 1962 ya sami kuɗi daga wata ƙungiya wadda daga baya aka gano cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke ciyar da ita a ɓoye.

Sai dai a ganina wannan salon nazari rage wa Amurka tinƙaho yake yi, tunda yana bin sawun abin da adabinta ya aro da wanda ya bayar. Mawaƙi Langston Hughes, jigo a farfaɗowar adabin baƙar fata ta unguwar Harlem da ke birnin New York, ya zo gaɓar Afirka ta Yamma a 1923 yana ma'aikacin jirgin ruwa, kuma waƙoƙinsa sun yi tasiri a kan mawaƙi Senghor na Senegal da abokansa a Paris.

Abin da ya fi shafarmu shi ne rubutun bayi. A 1831 Umar ibn Sa'id, malami daga yankin Futa Toro na bakin Kogin Senegal wanda aka bautar a jihar Karolina ta Arewa, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, kuma ya buɗe shi da Suratul Mulk. Mai nazarin da bai san Alƙur'ani ba da wuya ya gane abin da bawa yake nufi idan ya fara da cewa mulki a hannun Allah yake, alhali ke ba sai an fassara miki ba. Haka kuma a 1854 aka buga a birnin Detroit na Amurka labarin Mahommah Baquaqua, wanda shi ma aka bautar, mutumin Zugu da ke Jamhuriyar Benin ta yau, garin da fataken goro na Hausa suke yada zango a hanyarsu ta zuwa Gwanja. Ki nemi malaminku ya sa waɗannan biyu cikin abin da za ku karanta.