Amsa kan aiki tare a fayil ɗaya ta intanet

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce kun gaji da tura fayil ta imel yana dawo muku kwafi biyar, ba a san wanne ne na ƙarshe ba, kuma kana tambaya ko komawa Google Docs ko Microsoft 365, manhajojin rubutu da ake aiki da su tare ta intanet, zai raba ku da wannan wahala.

Zai raba ku da ita, wannan kam babu tantama. Fayil ɗaya ne, kana ganin inda abokin aikinka yake rubutu a daidai lokacin, kuma kowane gyara yana shiga tarihin fayil da sunan wanda ya yi shi. Idan wani ya goge shafi uku, sai ka buɗe tarihin ka dawo da na jiya. Google Docs yana ɗaukar mutum har 100 a lokaci guda. Shi kuwa Word na Microsoft 365, ba za ku yi rubutu tare ba sai fayil ɗin yana kan OneDrive ko SharePoint, wato ma'ajiyoyin fayil na Microsoft a intanet, kuma an kunna ajiyar kai tsaye.

Abin da manhajar ba za ta yi muku ba shi ne yanke hukunci. Wajen tattara ra'ayi, jera ayyuka, ko rubuta abin da aka tattauna a taro, hannu da yawa alheri ne. Amma a rahoton ƙarshe, mutum shida a sakin layi ɗaya ɓarna suke yi: wannan yana gyara jimla, wancan yana mayar da ita yadda take. Don haka kowane fayil ya zama yana da mai shi, mutum ɗaya. Izini iri uku ne, na karatu, na sharhi da na gyara. Ku ba mutum biyu ko uku na gyara, saura su tsaya a sharhi, ta yadda gyaransu zai fito a matsayin shawara, mai fayil ya karɓa ko ya ƙi.

A teburin lissafi aka fi yin kuka. A Google Sheets, teburin lissafi na Google, idan ka tace bayanai da matata ta gama-gari, wato abin da ke ɓoye wasu layuka ya nuna wasu, layukan da ka ɓoye sun ɓace wa kowa. Yi amfani da matatar da kai kaɗai kake gani. Mafi muni shi ne wani ya jera ginshiƙi ɗaya ya bar sauran, sai sunaye su rabu da alƙalumansu, ba a lura ba sai bayan kwanaki. Ku kulle gidajen da ke ɗauke da dabarun lissafi tun ranar farko.

Maganar intanet kuma, yanayin aiki ba tare da intanet ba sai an kunna shi tun ana da sabis. Idan mutum biyu suka gyara fayil ɗaya alhali ɗayansu a katse yake, OneDrive kan ajiye kwafi na biyu da sunan kwamfutarsa, kun ga an koma gidan jiya.

Ka kula sosai da mallaka. Fayil ɗin da ma'aikaci ya buɗe da asusunsa na kansa nasa ne, ranar da ya bar aiki yana iya tafiya da shi. A buɗe komai a ma'ajiyar ofis, kuma a daina zaɓar "duk mai mahaɗi", wato izinin da ke ba duk wanda ya sami adireshin fayil damar buɗe shi, ga takardun albashi da na kwangila.

Taro da hira su ma suna da iyaka. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a minti 60 idan kun kai uku, Slack na kyauta kuma, wato manhajar hirar ma'aikata, saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa. Duk shawarar da aka yanke a can, a rubuta ta cikin fayil a ranar, da sunan wanda zai aiwatar. Idan murya ta fara sarƙewa a kashe bidiyo, domin shi ke cinye data. In kuma mutum biyu suna ɗaki ɗaya, ɗaya ya rufe makirufo da lasifikarsa, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta hana kowa ji.