Ma'anar kalmar "gainsay" a tsohon Baibul na Turanci

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da "gainsay" a Luka 21:15 kana neman ma'anarta. Musu ke nan, wato a faɗi magana ka ce ba haka ba ne. Haɗin kalma biyu ce: "gain", wadda a tsohon Turanci take nufin gāba da abu, sai "say", faɗi. Kada ka ɗauka "gain" ɗin riba ce, nan mutane da yawa suke zamewa.

A fassarar Sarki Jems ta 1611 za ka fi ganinta. A ayar taka, Yesu ya yi wa almajirai alkawarin baki da hikimar da maƙiya ba za su iya musantawa ba. A Ayyukan Manzanni 10:29 Bitrus ya ce ya zo gidan Karniliyus ba tare da gardama ba. Amma a ganina ta fi nauyi a Yahuza 11, inda aka jingina ta ga Kora. Can ta wuce cacar baki, tawaye ne ya yi wa Annabi Musa har ƙasa ta haɗiye shi. Shi ya sa sababbin fassarori suke sa tawaye a wurin.