Abin da Ya Sa Na Hana Ka Shafa Siminti a Bangon Ƙasa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka shafa siminti a bangon tsohon gidan da muke gyarawa a cikin birnin Kano, alhali maƙwabta duk sun shafa. Tambayar ta fama mini wani tsohon miki, shi ya sa zan amsa.

Ba zan tsaya koya maka kwaɓa ƙasa ko jera tubali ba, wannan ko ɗan koyon jiya ya sani. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita idan rana ta buɗe. Siminti kuwa ba ya tafiya tare da ƙasa: yana tsagewa, ruwa ya bi tsagar ya kwanta a bayansa, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki, fuskarsa kuma tana nan sumul.

Shekara 20 da suka wuce wani alhaji ya kira ni gidan da ya gada kusa da kasuwar Kurmi, gida mai zaure da shigifa da soro, da zanko a kowace kusurwa. Rufin zauren daurin guga ne, wato rufin da ke zaune a kan baka na ƙasa da azara waɗanda suka gitta juna, irin aikin da ya ɗaukaka sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya. Na canza azara 40 da kuɗin aljihuna, duk na giginya ƙosassa wadda gara ba ta ci, bisa alkawarin zai biya bayan salla. Da aka zo shafe na ce a yi makuba a bango, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, a yi laso a rufi, wato haɗin katsi (abin da ke kwantawa a ramin rini na karofi) da gashin akuya na majema da ruwan tsiron dafara. Ya ce wannan aikin mutanen da ne. Ina barin wurin ya ɗauko wasu yara suka lafta siminti, har suka rage bakin indararo don wai ya fi kyan gani. A damina ta biyu, cikin watan Agusta, bangon gabas ya zauna, bakan da ke kansa ya biyo shi. Na je na tarar da ɓawon siminti a tsaye kamar faranti, ƙasar bayansa ta zama kunu. Alhajin nan ya tsaya gaban mai unguwa, ko kunya babu, ya ce azarata ce ɗanya. Ko sisi bai biya ni ba, kuma shekara 2 ba wanda ya kira ni aiki a unguwar.

Ku yaran yanzu kuna son aikin da za a gama da la'asar a ɗauki hotonsa a waya, makuba kuwa sai an sabunta ta kafin damina, abin da ba ku da haƙurinsa. Gobe da sassafe ka tafi karofin Ƙofar Mata ka tambayo mini katsi, kuma kada ka bari a haɗo maka da yashi.