Mu uku muke jinyar Inna, yaya za mu kauce wa kuskuren magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana kwance a gida a Ƙaura Namoda tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga hawan jini ga ciwon suga. Mu uku muke karɓa-karɓa. Kwanaki aka ba ta maganin suga sau biyu da safe, ta yi ta gumi tana karkarwa. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Sugan jikinta ne ya faɗi. Idan hakan ta sake faruwa kuma tana iya haɗiya, a dama suga cokalin shayi 3 a ruwa a ba ta, a auna sugan jininta bayan minti 15. In bai kai 70 mg/dL ba, sai a ƙara ba ta. Idan ta fita hayyacinta, kada a ɗura mata komai, sai asibiti. Maganin suga mai suna glibenclamide ya fi jawo wannan ga tsofaffi, musamman ranar da ba su ci abinci ba, don haka ku faɗa wa likitanta.

Tushen matsalarku yawan hannu ne. Ku ajiye littafi ɗaya kusa da gadonta: sunan magani, ƙarfinsa, lokacin sha. Wanda ya bayar ya sa hannu nan take, ba sai an jima ba. Ku ɗaura lokutan da salloli, bayan Asuba, bayan Isha'i, sun fi agogo zama a kai. Mutum ɗaya ya riƙa zuba na mako a akwatin magani mai gida bakwai.

Ku duba sunan asali, ba sunan kamfani ba. Amlodipine, maganin hawan jini, ɗaya ne ko da kwalin ya canza, kuma akwai na 5mg akwai na 10mg. Nan ake ninka magani ba a sani ba. Haka paracetamol yake ɓuya a cikin magungunan mura.

Mai shanyewar jiki kan sha wahalar haɗiya, sai a ce a daka ƙwayar. Duk wadda aka rubuta wa SR, XR ko Retard ba a daka ta, domin maganin da aka tsara ya riƙa fita a hankali zai shiga jini lokaci guda. Ku tambayi mai haɗa magani ko akwai na ruwa.

In an manta, kada a haɗa biyu don ramuwa. Diclofenac, maganin ciwon jiki na kemis, kuwa ku bar shi, yana taɓa ƙoda yana ɗaga jini. Ranar ganin likita ku kwashi duk abin da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya.