Kafin ku biya kuɗin neman .ɗinki, ku tantance sunan

Wani ɗan kasuwar yadi daga Kano ya aiko da tambaya: ƙungiyarsu na son mallakar wutsiyar adireshin intanet ta kanta, irin .com, amma da Hausa, wato .ɗinki, ko ma a rubuta ta da Ajami. Za a amince? Nawa za a kashe?

Alhaji, wannan buƙata hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet na duniya, ake kai wa. A zagayen karɓar buƙatu na 2012 kuɗin nema dala 185,000 ne, a na 2026 kuwa dala 227,000. Wanda bai yi nasara ba, wani kaso kawai ake mayar masa. Shi ya sa nake roƙonku, kada ku fitar da ko kwabo sai kun tantance sunan.

Rubutun da ba na Turanci ba yana shiga. Tun 2010 Masar, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu nasu da Larabci. Sai dai akwai ƙa'ida. Kowane harafi dole ya kasance cikin jerin da ICANN ta amince da shi, ana kiransa RZ-LGR, kuma kowa na iya dubawa kyauta. Ba a gauraya boko da Ajami a suna ɗaya. Lamba ba ta shiga, haka ma ɗan waƙafin saman da muke sa wa kalmar 'yan. Kwamfuta kuma tana juya sunan zuwa wata siga mai farawa da xn--, wadda ba za ta wuce harafi 63 ba. Sannan wani kwamiti zai duba ko sunan ya yi kama da wani har ya rikita mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗ ɗin. Abokin cinikinku da wayarsa ba ta da harafi mai lanƙwasa, dinki zai rubuta, kuma ga na'ura wannan wani suna ne daban. Har yau akwai manhajoji da ke ƙin karɓar imel mai irin waɗannan haruffa. Ga kuma kuɗin shekara-shekara da na kamfanin da zai riƙe muku rajistar.

In ciniki kuke nema, ku sayi suna a ƙarƙashin .ng ta hannun dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da .ng, ta amince da su, ragowar kuɗin ku zuba a kaya. Neman wutsiya sai in kun ƙidaya masu ɗinki nawa ne za su riƙa biyan ku hayar suna a ƙarƙashinta duk shekara.